Yadda Ake Zaɓen Tirena da Tuƙa Keke a Cikin Ɗaki Lokacin Hunturu

Duk wanda ya saba hawa keke ya san abin da hunturu ke yi wa ƙafa. Gari ya ƙi wayewa da wuri, rana ta yi saurin faɗuwa, a wasu ƙasashen ma titi ya daskare har taya ta kasa kama ƙasa. Sai keke ya koma jingine a bango. Mako uku ko huɗu da barin hawa sun isa jiki ya fara sakin abin da ya tara: numfashi ya gajarta, tudun da a da kake hayewa kana hira ya koma sai da haki. Dabarar da mahaya suka samo ita ce tirena, na'urar da ake ɗaure keke a kanta a cikin ɗaki, ka hau ka yi ta murza feda alhali ba ka gusa daga inda kake ba.

Kada ka raina wannan murzawa ta wuri guda. A watan Fabrairun 2016 ɗan tseren Ostareliya Mathew Hayman ya faɗi ya karye a hannu a wani tsere a Beljiyam. Maimakon ya zauna jiran ƙashi ya haɗe, sai ya kafa kekensa kan tirena a garejin gidansa, ya ɗora karyayyen hannun a kan tsani, ya ci gaba da atisaye. Mako shida bayan karayar ya shiga Paris-Roubaix, tseren nan na sama da kilomita 250 da ke ratsa hanyoyin duwatsu a arewacin Faransa, ya kuma lashe shi, ya bar fitaccen ɗan tseren Beljiyam Tom Boonen a na biyu.

Sai dai in faɗa maka abin da na gani tun kafin mu shiga bayani: yawancin tirenar da ake saya ba lalacewa take yi ba, ajiye ta ake yi. Kuma ba don na'urar ba ta da kyau ba. Zafi ne ke korar mutum, da ciwon mazaunai, da gajiyar zuciya ta kallon bango. Saboda haka zan daɗe a kan waɗannan fiye da yadda zan daɗe a kan sunayen kamfanoni.

Mataki na farko: duba kekenka kafin ka duba kasuwa

Juya keken ka dubi yadda aka ɗaure ƙafar baya. Hanya biyu ce ta fi yawa. Akwai siririn tsinken ƙarfe mai maɗauri a gefe, wanda kake buɗewa da hannu ka zare ƙafar. Faɗin wurin da yake shiga milimita 130 ne a kekunan titi na da, 135 a waɗanda suka fi faɗi. Akwai kuma aksul mai kauri, milimita 12, wanda ake murɗawa ya shige cikin firam kamar noti, shi ne a yawancin sababbin kekuna masu birkin faifai. Faɗinsa 142 ne a kekunan titi, 148 a yawancin kekunan dutse na yanzu. Rubuta wanda naka yake. Sannan ƙirga faifan haƙoran giya da ke baya, wanda masu keke ke kira kaset: takwas ne, goma, sha ɗaya ko sha biyu? Duba sunan da ke jikinsa, Shimano ne, SRAM ko Campagnolo, domin mazaunin da kowanne ke hawa ba lallai ya zama iri ɗaya ba. Waɗannan abubuwa uku, aksul da yawan giya da kamfaninta, su ne za su gaya maka wace tirena ce za ta karɓi kekenka, da wane ƙarin ƙarfe za ka nema kafin ta karɓe shi.

Idan firam ɗinka na kabon ne, karanta takardar kamfanin da ya ƙera shi ka ga ko ya amince a ɗaure shi kan tirena. Yawanci sun amince, amma karantawar ba ta cin minti biyar.

Bayan keke sai ɗaki. A ƙasa kake ko a bene? Akwai mai barci a bayan bangon? Kana da wurin da za ka bar kayan a kafe, ko kullum sai ka naɗe ka ɗaga? Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi yadda ake zato muhimmanci. Keken da ke kafe a shirye, da asuba ma za ka hau shi. Wanda sai ka yi minti ashirin kana haɗa shi, ran da ka dawo a gajiye ba za ka taɓa shi ba.

Mataki na biyu: zaɓi irin da ya dace da kai

Iri uku ne manya.

Mafi daɗewa shi ne rola: ganguna uku masu birgima a cikin firam na ƙarfe, biyu a ƙarƙashin tayar baya, ɗaya a ƙarƙashin ta gaba, an haɗa su da bel. Babu abin da ke riƙe keken, kai ne za ka tsai da shi kamar a titi. Rola na koyar da murza feda sumul ba tare da fizga ba, kuma ba ruwanta da irin aksul ɗinka, ɗora keke kawai ka hau. Amma tana buƙatar hankali a kowane daƙiƙa, kuma yawancinta ba ta da nauyin da za ka yi atisaye mai tsanani. Idan ita ka zaɓa, fara koyo a tsakanin dogaran ƙofa, inda kafaɗarka za ta sami abin jingina ta kowane gefe, ka sa ido a gaba can, kada ka kalli taya.

Na biyu shi ne mai riƙe taya. Nan ba a cire ƙafar baya: tirena ta cafke aksul ɗin baya ta gefe biyu, ta ɗaga ƙafar sama kaɗan, wani ƙaramin ganga ya matse tayar. Abin da ke ba ka nauyi yana cikin na'urar da ke jikin gangan. Wasu fanka ce a ciki, su ne suka fi kowa ƙara, kuma ba na ba mai maƙwabta shawarar saye. Wasu maganaɗisu ne, kana ƙara nauyi ko ragewa da ɗan maɓalli da ake maƙalawa a kan keke. Wasu kuma ruwa ne mai kauri a rufe a ciki, wanda iyakar saurinka iyakar nauyin da zai ba ka, kamar yadda iska ke yi a waje. A cikin marasa lantarki wannan ya fi kama da titi kuma ya fi shiru. Mai riƙe taya ba shi da nauyin ɗauka, yana naɗewa, kuma shi ne mafi sauƙin kuɗi. Aibinsa shi ne cin taya, da santsi idan ka taka da ƙarfi farat ɗaya.

Na uku shi ne mai cire taya. Za ka zare ƙafar baya gaba ɗaya, ka zaunar da firam a kan tirenar, wadda ke da nata kaset ɗin, kaca ta hau kansa kai tsaye. Babu taya, saboda haka babu santsi, babu ƙurar roba, ƙarar da za ka ji kusan ta kaca ce kawai. A ciki akwai faifai mai nauyi da ke ci gaba da juyawa ko ka sassauta, shi ke ba ƙafa jin cewa keke na tafiya da kansa. Yana da nauyi, wasu sun haura kilo 20, kuma ya fi tsada.

A kan waɗannan kuma akwai wani rabo: tirena mai ƙwaƙwalwa da marar ita. Mai ƙwaƙwalwa tana auna ƙarfin da kake bayarwa da ma'aunin wat, ta aika wa wayarka ko kwamfutarka, manhaja kuma ta dawo mata da umarnin ta ƙara nauyi ko ta rage. Idan hanyar da ke kan allo ta fara hawa tudu, nan take za ka ji feda ta yi tauri. Wahoo na Amurka da tirenarsa KICKR, Tacx na Holan wanda Garmin ya saya a 2019, Elite na Italiya da Saris na cikin sanannun masu ƙera su.

Ra'ayina a fili yake. In har za ka hau sau uku ko fiye a mako tsawon hunturu, kuma aljihunka zai ɗauka, ɗauki mai cire taya mai ƙwaƙwalwa, ko da mafi ƙanƙanta ne a jerin kamfanin. In kuwa gwaji kake so ka yi, ko sau ɗaya a mako ne ran da hanya ta ƙi, mai riƙe taya na ruwa ya ishe ka, ka haɗa shi da ɗamarar auna bugun zuciya. Mutum na iya fita daga hunturu da ƙarfinsa a kan kowanne daga cikinsu.

Wajen karanta tallace-tallace, kada manyan lambobi su ruɗe ka. Za ka ga an rubuta tirena na ɗaukar wat 2000 ko tana kwaikwayon tudu mai kashi 20 cikin ɗari. Ƙalilan ne cikin mahaya ke kaiwa kusa da wannan. Lambar da ta fi amfani ita ce ta daidaiton awo: masu cire taya kan yi kuskuren da bai wuce kashi ɗaya zuwa biyu ko uku cikin ɗari ba, masu riƙe taya kan kai wajen biyar. Sannan ka tabbata tana magana da Bluetooth da ANT+ duka biyun, wato hanyoyin da take haɗuwa da wayarka ko kwamfutarka ba tare da igiya ba, ka kuma duba ko da kaset a cikin kwalin, domin da yawa ana sayar da su babu shi. Idan ta hannu za ka saya, sa a juya ta a gabanka ka saurara: ƙarar gurzawa ko ƙwanƙwasa alama ce boris ko bel ya gaji, ɗigon mai a jikin ta ruwa kuwa alama ce ka bar ta.

Mataki na uku: ɗaura keken

Kafin komai wanke keken, ka goge kaca ka sa mata mai. Dattin da ke jikinsa a ɗakinka zai zube.

Idan mai riƙe taya ne, cire tsinkenka ka sa na ƙarfe da ya zo tare da tirenar. Kan nasa an ƙera shi ne daidai da bakin da zai cafke shi, naka kuwa mai yiwuwa na roba ne ko alminiyam, zai iya zamewa ko ya fashe. Mai aksul mai kauri sai ya nemi aksul na musamman da aka yi don tirena, wanda zarensa ya dace da firam ɗinsa. Tayar baya ta zama mai sulɓi. Taya mai ƙuraje irin ta keken dutse za ta cika gida da ruri. Akwai taya ta musamman ta tirena, mai tauri da jure zafi, ba a fita titi da ita. In ba ka da ita, tsohuwar tayar titi ta wadatar. Ba ta iska sosai, siririyar taya wajen awo 100 na famfo a ma'aunin psi matuƙar bai wuce abin da aka rubuta a jikinta ba, kuma ka riƙa ba ta iska iri ɗaya kullum don awonka ya daidaita. Cafke aksul ɗin har keken ya daina girgiza, amma kada ka matse kamar za ka murƙushe firam. Daga nan murɗa maɓallin gangan har ya taɓa taya, ka ƙara murɗawa gwargwadon abin da takardar ta ce, yawanci wajen zagaye biyu. Gwajin mai sauƙi ne: kama tayar da hannu ka fizge ta, in ta zame a kan gangan ta yi ƙara, ƙara matsewa kaɗan. Tunda baya ya ɗagu, sa wani abu a ƙarƙashin tayar gaba don keken ya daidaita, in ba haka ba duk nauyinka zai zubo kan hannuwa.

Idan mai cire taya ne, fara da kaset. Ya zama yawan giyarsa daidai da na kekenka. Faifan haƙoran suna shiga ne ta hanya ɗaya kawai, akwai tsagi guda mai faɗi da za ka daidaita. Kaset mai giya takwas, tara ko goma yana buƙatar siririn zoben cike gurbi a bayansa idan mazaunin na sha ɗaya ne; in ka manta da shi, kaset zai riƙa kaɗawa. Ɗaure murfin da sifanarsa ta musamman sosai. Sa ƙarafan gefe da suka dace da faɗin aksul ɗinka. Sannan mai da giyar keken kan ƙaramin haƙori na baya, zare ƙafar, ja ƙarfen canja giya baya da hannu, ɗora kaca a kan ƙaramin haƙorin tirena, ka saukar da firam a hankali har ya zauna daram ta gefe biyu kafin ka kulle. Mai birkin faifai irin wanda ke aiki da mai kada ya matsa birkin baya bayan ya cire ƙafar, domin takalman birkin za su haɗe. Cusa ɗan abin tokare a tsakaninsu. Juya feda da hannu ka bi giya ɗaya bayan ɗaya. In kaca na tsalle ko tana ƙara, murɗa ɗan notin daidaita waya kwata-kwatan zagaye har ta yi shiru.

Mataki na huɗu: shirya ɗakin, musamman iska

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. Jikin ɗan Adam ba ya mai da duk ƙarfin da ya ƙona ya zama tafiya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar ne ke isa feda, sauran duk zafi ne. Wato idan kana ba da wat 200, jikinka na fitar da zafin da ya kai wat 600 ko fiye, kamar ka kunna ƙaramin hita a cikin rigarka. A titi iskar da kake ratsawa ce ke busar da gumi ta kwashe zafin. A ɗaki ba ka ratsa komai. Gumi ya yi ta zuba ba ya bushewa, jini ya koma fata don sanyaya jiki, bugun zuciya ya yi ta hawa alhali ƙarfinka na raguwa. Mutum sai ya ɗauka shi ne ba shi da ƙarfi, ko tirenar ce mai wuya, nan kuwa zafi ne ya dafa shi.

Don haka fanka ba kayan ƙawa ba ce, rabin tirenar ce. Nemi mai ƙarfi, ka kafa ta a gabanka ta ɗan gefe, tana bugun ƙirji da fuska. In da hali sa biyu. Ko ana tsananin sanyi, buɗe taga kaɗan, ka kashe abin ɗumama ɗakin. Fara da riga mai dogon hannu fanka a kashe, bayan minti biyar zuwa goma in jiki ya ɗau ɗumi ka tuɓe ta ka kunna. Yana da kyau makunnin fankar ya kasance inda hannunka zai kai ba sai ka sauka ba.

Shimfiɗa tabarmar roba mai kauri a ƙarƙashin keke da tirena. Tana tare gumi, tana kuma rage girgizar da ke bin daɓe ta sauka wa na ƙasa, wadda sau da yawa ita ce ke damun maƙwabta fiye da ƙarar kanta. Rufa tawul a kan kan keke da wuyansa. Gumi gishiri ne, gishiri kuwa yana cin ƙarfe a ɓoye. Na taɓa kwance tef ɗin kan wani keke da ya yi hunturu biyu a kan tirena ba tawul, na tarar da alminiyam ɗin ya yi fari fat da gari, ya rarake daidai inda ake riƙewa. Irin wannan kan yana iya karyewa a hannunka ran da ka koma titi kana gangara. Tun daga ranar ban ƙara hawa ba tawul ba.

Ajiye ruwa kusa, gora ɗaya aƙalla ga kowace awa, domin a ɗaki mutum na iya zubar da gumin da ya kai lita guda cikin awa. Allo ya kasance daidai idonka don wuya kada ya ƙage. Yara ƙanana da dabbobin gida kuma a nisanta su da faifan da ke juyawa, yana kama yatsa, kuma yana yin zafi.

Mataki na biyar: haɗa ta da manhaja

Manhajojin sun kasu gwargwadon halin mai hawa. Zwift, wadda ta fito a 2014, duniya ce ta zane inda kake tafiya tare da dubban mahaya daga ko'ina, har da tsere. A kanta aka yi gasar duniya ta farko ta tseren keke na intanet a ƙarƙashin UCI, hukumar tseren keke ta duniya, a watan Disambar 2020. Rouvy na nuna bidiyon hanyoyi na gaske. TrainerRoad ba ta da hanya ko kaɗan, jadawalin atisaye ne da lambobi. MyWhoosh kyauta ce. Gwada biyu ko uku kafin ka tsaya kan ɗaya, domin wadda za ta sa ka dawo gobe ita ce taka.

Jona tirenar da wuta, buɗe manhajar kamfanin da ya ƙera ta ka sabunta ƙwaƙwalwarta, sannan ka rufe wannan manhaja gaba ɗaya kafin ka buɗe ta hawa. Tirena da yawa na'ura guda kawai suke saurara ta Bluetooth a lokaci ɗaya, kuma mafi yawan kukan "ta ƙi haɗuwa" daga nan yake. Sa nauyin jikinka na gaskiya, domin da shi ake lissafin saurinka a tudu. Bayan minti goma na ɗumama jiki, yi gwajin daidaita awo: manhaja za ta ce ka ƙara sauri zuwa wani mataki, sannan ka daina murzawa ka bar faifan ya tsaya da kansa. Mai riƙe taya na son wannan a kai a kai, mai cire taya jefi-jefi, wasu sababbi ma da kansu suke yi.

Mataki na shida: san ƙarfinka

Kada ka yi gwaji a ranar farko. Yi hawa uku ko huɗu masu sauƙi, na minti talatin zuwa arba'in, jiki ya saba da zama wuri guda. Wanda ke da ciwon zuciya ko hawan jini, ko ya daɗe bai motsa jiki ba, ya ga likita kafin ya shiga atisaye mai tsanani.

Abin da ake aunawa shi ake kira FTP, wato ƙarfin da za ka iya riƙewa na kusan awa guda ba ka karye ba. Hanya biyu ce sananniya. Ta farko, bayan ɗumama jiki sosai ka yi minti ashirin da iyakar ƙarfin da za ka iya riƙewa daidai daga farko zuwa ƙarshe, ka ɗauki kashi 95 cikin ɗari na matsakaicin wat ɗin. Wanda ya sami 200, FTP ɗinsa 190 ke nan. Kuskuren sabon shiga shi ne ya fara da wuta, a minti na takwas ya ƙare. Ta biyu ta fi sauƙi ga mai farawa: tirena na ƙara nauyi kowane minti har ka kasa juya feda, manhaja ta ɗauki kashi 75 cikin ɗari na mintinka mafi ƙarfi. Kowacce ka zaɓa, ita za ka maimaita bayan mako shida zuwa takwas, da fanka iri ɗaya, don kwatancin ya yi ma'ana. Kuma kada ranka ya ɓaci in lambar ɗaki ta gaza ta titi, haka take ga mutane da yawa.

Marar tirena mai ƙwaƙwalwa ya yi amfani da bakinsa. In kana iya hira da cikakkun jimloli, kana tafiyar sauƙi. In kalma uku ko huɗu kake iya fitarwa kafin ka ja numfashi, kana kusa da iyakarka. In magana ta gagara, ka haura ta.

Mataki na bakwai: tsara mako

A kan tirena babu gangara, babu tsayawa a mararraba, ƙafa ba ta hutawa. Shi ya sa awa guda a ɗaki take da albarka, kuma shi ya sa bai kamata ka nemi kwaikwayon doguwar tafiyar awa huɗu ba. Hawa uku ko huɗu a mako, kowanne minti 45 zuwa 75, sun riƙe maka ƙarfi har bazara.

Biyu daga ciki su zama masu nauyi, da kwana guda aƙalla a tsakaninsu. Ga wanda nake fara ba kowa: minti goma na ɗumama jiki, sai minti goma a kashi 88 zuwa 94 cikin ɗari na FTP, hutun minti biyar kana juya feda a hankali, ka maimaita sau uku, ka rufe da minti biyar zuwa goma na hucewa. Yana da wuya amma ba ya kayar da mutum. In ya fara sauƙi, tsawaita zuwa minti sha biyar, daga baya ashirin sau biyu. Bayan wata guda ka iya mai da ɗaya daga ranakun nauyin ta gajerun bugu: minti uku a kashi 110 zuwa 120, hutun minti uku, sau biyar. Sauran ranakun kuwa sauƙi na gaske, kashi 56 zuwa 75, inda za ka iya kallon wani abu ko ka saurari rediyo. Kiyaye wannan sauƙin, domin a manhajar da ke da jama'a, duk wanda ya wuce ka zuciya za ta ce bi shi, kafin ka ankara kowace rana ta zama tsere, a mako na biyar ƙafa ta mutu. Kowane mako na huɗu rage aikin da kusan rabi.

Tirena mai ƙwaƙwalwa tana da wani tsari da ake kira ERG. In jadawali ya ce wat 180, za ta riƙe ka a 180 ko wace giya kake, kai dai murza. Yana da daɗi, amma yana da tarko. In ka gaji juyin fedarka ya ragu, tirena za ta ƙara nauyi don ta cike wat ɗin, nauyin ya ƙara rage maka juyi, ita kuma ta sake ƙarawa, har feda ta kafe. Maganinsa ka riƙe juyi 85 zuwa 95 a minti, ka ɗan ƙara sauri daƙiƙa kaɗan kafin bugu mai nauyi ya shigo. In ta riga ta kafe, tsaya cak na ɗan lokaci ta saki, ko ka rage nauyin atisayen da kashi biyar ka ƙarasa. A ERG zauna a ƙaramin faifan gaba da tsakiyar kaset, kaca ta miƙe, ƙara ta ragu. Gajerun bugu na daƙiƙa goma ko ashirin kuwa kashe ERG ka yi su da giya.

Saura maganar sirdi. A titi keke na karkata, kana tashi kana zama ba ka ma sani ba. A ɗaki wuri ɗaya ne ke ɗauke da kai tun daga farko har ƙarshe. Sa wandon keke mai soso, wankakke kowane hawa, ka miƙe tsaye a kan feda na daƙiƙa ashirin zuwa talatin duk bayan minti goma, ko ba ka ji ciwo ba. In wani wuri ya fara mutuwa ko gwiwa ta fara suka, kada ka daure: duba ko keken ya daidaita gaba da baya, duba tsayin sirdi da karkatarsa, ka gyara da milimita biyu ko uku a lokaci guda. Akwai faranti mai lilo da ake sawa a ƙarƙashin tirena don keken ya riƙa karkata kaɗan, yana taimaka wa masu dogon zama.

Bayan ka sauka

Tuɓe jiƙaƙƙun kaya nan da nan, domin jikin da ya yi gumi a ɗaki mai sanyi saurin ɗaukar sanyi gare shi. Goge kan keke, wuyansa, notuna da firam da tsumma mai ɗan ruwa, sannan da busasshe. Mai riƙe taya ya sassauta gangan don kada ya bar wa tayar lotsawa. Cire tirenar daga wuta. Kaca na son mai duk bayan 'yan hawa ko da ba ta ga ƙura ba, kuma sau ɗaya a tsakiyar hunturu ɗaga tef ɗin kan keke ka leƙa ƙarƙashinsa.

Ran da hanya ta bushe rana ta fito, ko a tsakiyar hunturun ne, sauke keken ka fita, domin tirena ba ta koyar da kwana, birki ko tafiya cikin ayari. Kafin ka fita mai da tsinkenka da tayar titi, tabbatar ƙafar baya ta zauna daidai ta kullu, matsa birki biyun ka ji sun kama, ka bi giya duka a ƙofar gida. Kilomitocin farko ka tafi a hankali, musamman a kwana: ƙafarka ta yi ƙarfi a ɗaki, amma hannu da ido sun yi makonni ba su yi aiki ba, sai sun ɗan warware.